CALIPSO, Tauraron da Ya Leƙa Cikin Gajimare

Ranar 28 ga Afrilun 2026 ke cika shekara 20 da harba tauraron ɗan'adam CALIPSO daga sansanin Vandenberg na Kalifoniya. Amma aikin ya girmi ranar harbawar nesa ba kusa ba. A cibiyar Langley ta hukumar NASA da ke Hampton, masana sun daɗe suna harba hasken leza daga jiragen sama don auna ƙura da gajimare. A Satumban 1994 suka ɗora na'urarsu LITE a kumbon Discovery, ta yi 'yan kwanaki a sama ta dawo da hujjar cewa abin zai yiwu. A 1998 NASA ta amince da shirin tauraron, da haɗin gwiwar hukumar CNES ta Faransa. David Winker ne ya ja ragama daga Langley, Jacques Pelon kuma daga ɓangaren Faransa. An sha ɗage ranar tashi, amma haƙurin waɗannan mutane bai tafi a banza ba.

Na'urar lezar tauraron, CALIOP, ta riƙa harba haske daga tsayin kilomita 705, sannan ta karɓi abin da ya dawo. Ɗigon ruwa, da yake a mulmule yake, kusan yadda hasken ya je masa haka yake mayar da shi. Ƙanƙara mai kusurwoyi kuwa takan hargitsa fuskar da hasken yake kaɗawa. Da haka ake bambance girgijen ruwa da na ƙanƙara.

To, a nan ne abin da ya fi burge ni ya faru. Akwai fale-falen ƙanƙara masu kusurwa shida da ke saukowa a kwance, ba sa wulwulawa. Da farko an saita na'urar kusan a miƙe, da karkatar digiri 0.3 kacal, sai waɗannan ƙanƙara suka riƙa wullo hasken da ƙarfi kamar madubi, ba tare da sun hargitsa shi ba, har girgijen ƙanƙara ya yi kama da na ruwa. A Nuwamban 2007 aka karkatar da tauraron zuwa digiri 3, walƙiyar ta lafa. Bayanan watannin farko kuma ba a zubar da su ba. Da su masana suka gano inda ƙanƙara mai kwanciya take yawaita a faɗin duniya. Ba ƙaramin al'amari ba ne, domin yadda ƙanƙara ta kwanta yana shafar yawan hasken rana da girgije ke korawa.

Lezar farko ta CALIOP ta gaji a 2009 aka koma ta biyu, a 2018 kuma aka sauko da tauraron ƙasa kaɗan. Wannan ba abin zargi ba ne ga na'urar da aka tsara wa shekara uku ta yi 17, har zuwa 1 ga Agustan 2023.

Mu ma muna da kaso a ciki. CALIPSO ya bi sawun ƙurar Sahara, har da ta kwarin Bodele a Chadi mai kawo mana hazon hunturu, ya nuna yadda wani ɓangarenta ke tsallake teku zuwa dajin Amazon. A Mayun 2024 Turai da Japan suka harba EarthCARE da tasa lezar, kuma wajibi ne a tanadi mai gadonsa tun yanzu, don kada awon ya yanke.