Bambancin Aiki a Cinikin Shinkafar Guri

Shinkafar fadamun Guri tana bi ta hannuwa da yawa kafin ta shiga tukunya: manomi, mai awo, masu gumi, mai injin casa, dillali. Kowa da yadda ya iya aikinsa, shi ya sa buhu biyu daga gona ɗaya kan isa kasuwar Haɗejiya, ɗaya tas, ɗaya cike da tsakuwa da karyayyar ƙwaya. Mai saye da ba ya da tabbacin abin da ke cikin buhu yakan yi tayi ne bisa mafi munin kayan da ya taɓa gani, asarar kuma ta faɗa kan wanda ya kyautata aiki.

A 1924 Walter Shewhart, masanin ƙididdiga a Amurka, ya raba bambancin aiki gida biyu: wanda yake manne da tsarin aikin kullum, da wanda wani dalili na musamman ya kawo. Hikimar rabon ita ce kowanne da maganinsa. A Guri, rabon da ya fi amfani shi ne tsakanin abin da kogi ya kawo da abin da hannu ya jawo.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, cikar Kogin Haɗejiya ta dogara da damina da kuma sakin ruwa daga Kano, ga kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Manomin da ke shuka iri biyu, ko ya raba gonarsa tsakanin tudu da kwari, kare kansa yake yi daga ambaliya. Tilasta masa iri ɗaya da lokacin shuka ɗaya zalunci ne.

Bambancin hannu kuwa ba shi da uzuri. Wannan mai gumi ta jiƙa shanshera kwana guda, waccan ta bar ta har ta yi tsami. Wani ya shanya a tamfal, wani a bakin titi inda tsakuwa ke shiga. Damshin da ya dace da ajiya da casa kusan kashi 14 ne cikin 100, amma da haƙori ake gwadawa. Ga tiya, wadda tozonta ke ƙaruwa in ana saye, ya ragu in ana sayarwa; tauye mudu kenan, wanda addini ya yi hani da shi. Illar irin wannan sakaci ta bayyana a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari, haramcin ya haɗa har da waɗanda ba su yi laifi ba.

Don haka abin da ya kamata sarakunan kasuwa da ƙungiyoyin manoma su daidaita shi ne sikeli, wurin shanya da ma'aunin damshi. Iri da lokacin shuka a bar wa manomi.