Raƙuman Dawan Kure: Yadda Suka Tsira a Tsakanin Gona da Garke

Duk direba ko falken da ya taɓa bin babbar hanyar Dosso zuwa Yamai ya san garin Kure, wanda ke da nisan kilomita kamar 60 kafin a shiga babban birnin. Wasu daga cikinku sun taɓa taka birki a wurin don wata doguwar dabba ta tsallaka kwalta a hankali, kamar hanyar ta gadonta ce. To, waɗannan su ne raƙuman dawan Afirka ta Yamma, kuma a duk faɗin duniya babu inda irinsu ya rage a daji sai ƙasar Nijar. Waɗanda ake gani a gandun Waza na Kamaru da na Zakuma a Cadi, masana sun tabbatar wani iri ne daban. Na Nijar sun fi su hasken jiki, zanensu ja-ja ne mai haske, ƙafafunsu kuma kusan farare.

Abin da ya sa labarinsu ya shafe mu shi ne, ba a cikin shinge suke ba. Babu waya, babu katanga. Tsakanin gonakin gero da wake suke kiwo, suna gilmawa ta gefen ruga, suna haɗa inuwa da shanu da awaki.

Mu koma baya tukuna. Raƙumin dawa ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. A wani wuri da ake kira Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙuman dawa biyu da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5. Masana sun ce sassaƙar ta kai shekara 6,000 ko fiye, tun zamanin da Sahara ke da ciyawa da tafkuna. Ko a farkon ƙarnin da ya wuce, wato wajen 1900, ana samun raƙuman dawa tun daga Senegal, a bi ta Mali da Nijar da arewacin Najeriya, har bakin Tafkin Cadi.

Me ya cinye su? Abubuwa ne suka taru. Bindiga ta yawaita a zamanin Turawan mulkin mallaka, mota kuma ta sa maharbi yana isa inda da ƙafa ba zai kai ba. Ana kashe su don nama da fata da gashin wutsiya. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka ci daji. Sannan ga fari. Na 1973 da 1974 ya halaka dabbobin gida da na dawa baki ɗaya, har raƙuman dawa suka ƙare ƙaf a yankin Gadabeji da ke arewacin Maraɗi. Bayan shekara goma sai ga na 1984, wanda mutanen Nijar suka raɗa wa suna El Buhari, don ya zo daidai lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta. Tsofaffin makiyaya da fatake ba sa bukatar a ba su labarin wannan shekara. Senegal ta rasa nata raƙuman dawan, Muritaniya da Mali da Najeriya ma haka.

Ragowar da suka saura suna zaune ne a wajen Ayoru, kusa da iyakar Mali. Da fari da farauta suka matsa musu, sai suka yi abin da kowane makiyayi zai yi, suka tashi. Suka gangaro kudu maso gabas har suka yada zango a tudun Kure da kwarin Dallol Boso, wanda ake kuma kira Boboye, ƙasar Zabarmawa manoma da Fulani makiyaya. Mutanen wurin ba su ɗauki raƙumin dawa abin farauta ba, suka ƙyale su.

Duk da haka sai da aka kai bakin gaɓa. A 1996 hukumomin lokacin suka sa a kamo wasu don a yi kyautarsu ga shugabannin ƙasashe maƙwabta. Kama raƙumin dawa kuwa aiki ne na ƙwararru, don idan ya firgita ko ya daɗe a kwance yana iya mutuwa. Da dama suka mutu a wannan kamu. Ƙidayar da aka yi a shekarar ta nuna guda 49 kacal suka rage. Ku duba fa, 49, abin da bai kai garken mutum ɗaya mai rufin asiri ba.

Daga nan aka farga. A 1998 Nijar ta kafa dokar farauta da kare namun daji, raƙumin dawa na cikin dabbobin da aka haramta taɓawa kwata-kwata. Amma ma'aikatan gandun daji ba su da yawan da za su tsare kowace bishiya, don haka doka kaɗai ba za ta wadatar ba. Dabarar da ta yi aiki ita ce a sa mutanen karkara su ga amfanin dabbar. Aka kafa ƙungiyar kare raƙuman dawan Nijar, wadda ta riƙa gina rijiyoyi a ƙauyuka, tana ba mata ƙananan basussuka na sana'a, tana taimaka wa masu lambu. Samarin Kure suka kafa ƙungiyar 'yan rakiya, masu kai baƙi inda dabbobin suke. Kowace shekara kuma aka riƙa ƙidaya, ana ɗaukar hoton kowane raƙumin dawa dama da hagu, domin zanen jikin kowanne daban yake, kamar yadda makiyayi ke gane kowace saniyarsa da kamanninta.

Mace takan yi wata 15 da ciki, ta haifi ɗa guda. Kun ga ba dabba ce mai saurin yaɗuwa ba. Amma da yake babu zaki a yankin, kuma an daina harbi, sai garken ya yi ta hauhawa. Kafin 2018 sun haura 600.

A waɗannan shekaru ne zuwa Kure ya zama abin marmari ga mutanen Yamai. Ranar Asabar ko Lahadi iyali su cika mota da sassafe, da tabarma da abinci da kayan shayi, tafiyar awa ɗaya. A bakin hanya a biya kuɗin shiga, a ɗauki ɗan rakiya. Shi kuwa yakan hau saman mota yana hange, yana tambayar manoma da yara masu kiwo inda suka ga dabbobin da safe. In an hango su sai a sauka a taka da ƙafa, ba hayaniya. Sun saba da mutane, sai su tsaya suna kallonka daga sama, suna tauna. 'Yan makaranta ma ana kai su, yaron da bai taɓa ganin abin da ya fi raƙumin gida tsawo ba ya ga namijin da ya kai mita 5. Gani ya kori ji.

Wanda ya je da damina shi ya more. A lokacin suna kan tudu, cikin dajin geza da sabara da anza, wanda ke tsirowa layi-layi da fili a tsakani, har in an hango shi daga jirgin sama sai ka ce zane ne aka ja. Ƙasa ta yi kore shar, tafasa ta fitar da furenta rawaya, duman kada ya malala a bakin tabki da fure shuɗi-shuɗi mai ja, ƙamshin furen ƙaya ya cika iska, tsuntsaye na ta kai da kawowa. Idan rani ya shiga kuma sai su gangara Dallol, wajen Harikanasu, inda ruwa ke kusa da ƙasa kuma gawo ya yi yawa. Kowane makiyayi ya san halin gawo, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Shi ke riƙe raƙumin dawa har ruwa ya sauka, kamar yadda 'ya'yansa ke riƙe awaki da tumaki.

A nan ne za a gane dalilin da ya sa makiyayi da raƙumin dawa ba su cika samun saɓani ba. Saniya ƙasa take ci, shi kuwa sama yake ci, inda ko akuya ta yi miƙewar duniya ba za ta kai ba. Ba ya damun kowa a bakin rijiya, don yawancin ruwan da yake bukata daga ganye yake samu. Manomi ne ke da ƙorafi, kuma ƙorafinsa gaskiya ne. Raƙumin dawa na son wake, yakan shiga gona da dare, yakan ci harawar da aka ɗora a kan bishiya ko rumfa, mangwaro ma bai tsira ba. Haƙurin da manoman Boboye suka yi shekara da shekaru, shi ne jarin da aka gina wannan nasara a kai, kuma ya kamata a faɗa.

Da garken ya ƙaru, wurin ya soma yi musu kaɗan. Wasu suka riƙa nisa, har wajen Gaya da iyakar Najeriya, inda ba kowa ya san doka ta hana taɓa su ba. Masana kuma suka ce haɗari ne a tara su duka wuri guda, don annoba ɗaya na iya share su. Saboda haka a watan Nuwamba na 2018 aka kama guda 8, wannan karon da likitocin dabbobi da ƙwararru, aka ɗora su a manyan motoci aka yi tafiyar kilomita wajen 800 da su zuwa Gadabeji. Gandun Gadabeji tun 1955 aka keɓe shi, kuma Fulani da Buzaye ke kiwo kewaye da shi. Sai da aka zauna da shugabannin makiyayan kafin a kawo dabbobin. A 2022 aka ƙaro 4, kuma har sun fara haihuwa a can. Bayan kusan shekara 50, jikokin waɗanda suka ga ƙarewarsu sun ga dawowarsu.

Sai dai labarin yana da ɗaci. Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga a kan babura suka kashe mutum 8 a dajin Kure: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da ɗan rakiya, su biyun 'yan Nijar. Daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa. 'Yan rakiya suka rasa abin yi, kuɗin shiga da ake taimakon ƙauyuka da shi ya tsaya. Rashin tsaron da ya hana makiyayi kwana a daji da garkensa, ya hana falke bin hanya da dare, shi ne dai ya hana iyali shimfiɗa tabarma a gindin gawo. Da gaskiyar masu iya magana, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Akwai kuma barazanar da ba ta da ƙarar bindiga, wato gatari. Yamai na girma, kuma yawancin gidajenta da itace ake girki. Motocin itace da amalanke na fitowa daga wannan daji kullum. Idan aka sare geza da sabara a kan tudu, ruwan sama ba ya tsayawa, sai ya kwashe ƙasa ya bar fako. Ranar da dajin ya ƙare, raƙumin dawa zai rasa abinci, amma ba shi kaɗai ba, garke ma zai rasa inda zai yi damina nesa da gonaki, rigimar manomi da makiyayi kuma ta ƙaru.

Don haka ga roƙonmu. Direba, in ka iso tsakanin Birnin Gaure da Kure ka sassauta gudu, musamman da asuba da almuru, don mota ta sha kashe su a wannan hanya. Makiyayi, in za ka sassabe wa dabbobinka reshen gawo, ka rage wa bishiyar abin da za ta sake tohowa da shi. Wanda kuma ya ga raƙumin dawa ya ɓullo a yankinsu, ko a wane gefen iyaka ne, ya sanar da mai gari ko ma'aikatan gandun daji, kada a bi shi da babur, kada a bari yara su jefe shi. Ɗan kasuwar da aka kawo wa fata ko wutsiyarsa ya sani kayan haram ne a doka, kuma ɗauri ke bayansa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.