Ƙarkon kayan amfanin yau da kullum: salula da jakar goyo

Mai karatu, ƙarko shi ne daɗewar da kaya ke yi ana aiki da shi bai lalace ba. Abu uku ne ke kawo shi: ingancin ƙira, sauƙin gyara, da kulawar mai kaya.

Darasin tsofaffin salula

Kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ya fito da salula 3310 a shekara ta 2000, sannan 1100 a shekara ta 2003. Ita 1100 an sayar da fiye da miliyan 250 a duniya. Har yau ana yabon ƙarkonsu, kuma da dalili. Gilashinsu ƙarami ne, ba ya saurin fashewa. Jikinsu roba ce mai ƙarfi. Maɓallan 1100 a haɗe suke cikin roba guda, don kada ƙura ta sami hanyar shiga. Ba sa shan wuta da yawa, caji ɗaya yakan kai kwanaki. Idan batir ya mutu, mai salula ya buɗe murfin baya da hannunsa ya sa sabo. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma ku sani, irin waɗannan salula da layin 2G kaɗai suke aiki. Wasu ƙasashe sun rufe shi, kamar Singafo a shekara ta 2017. Kafin ku sayi tsohuwar salula, ku sa katinku a ciki, ku yi kira a gaban mai sayarwa.

Abokan gaban salula

Na farko zafi. Batir yana raunana idan zafi ya wuce digiri 35, alhali a bazara zafin Maraɗi, Tawa da Damagaram yakan wuce digiri 40. Kada ku bar salula a rana, ko kusa da murhu, ko ƙarƙashin matashin kai lokacin caji. Batirin da ya kumbura yana iya kama wuta. Ku daina amfani da shi nan take, kuma kada ku jefa shi cikin wutar shara.

Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke toshe ramin caji. Ku share shi a hankali da busasshen tsinke, salula tana kashe.

Na uku ruwa. Idan salula ta faɗa ruwa, kada ku kunna ta. Ku cire batir da kati, ku shanya ta a inuwa kwana biyu.

Jakar goyo

Jakar da ake ɗaukar littattafai ko kwamfutar hannu wuri uku ta fi mutuwa: zif, gindin maratayi, da ƙasanta. Kafin ku biya kuɗi, ku juya cikinta ku duba ɗinki. A inda maratayi ya haɗu da jaka, ɗinki ya zama ribi biyu ko fiye. Aljihun kwamfuta ya kasance da soso, kuma kada ya taɓo ƙasan jaka, domin duk ajiyewar da aka yi da ƙarfi kwamfutar ce za ta sha bugu. Idan zif ya fara cijewa, ku goga masa kyandir. Idan ɗinki ya fara warwarewa, ku kai wa tela ko baduku tun ɓarakar tana ƙarama.

Lissafi kafin saye

Ga misali. Jaka ta jika 3 tana yin wata 6. Wata ta jika 8 tana yin shekara 3. A cikin shekara 3, mai sayen ta farko zai sayi jaka 6, ya kashe jika 18. Mai sayen ta biyu jika 8 kaɗai ya kashe. Shi ya sa Hausawa ke cewa araha ba ta ado.

Duk lokacin da za ku sayi kaya, ku tambayi mai sayarwa: idan ya lalace, wa ke gyara shi a garin nan, kuma ana samun kayan gyaransa a kasuwa?