Müller: Yadda Mai Niƙa Ya Cika Jamus da Takwarori

A ranar 7 ga Yuli, 1974, a birnin Munich, Gerd Müller ya jefa ƙwallon da ta ba Jamus ta Yamma kofin duniya a kan Holan. Shekara 36 bayan haka, a Afirka ta Kudu, wani saurayi mai suna Thomas Müller ya sa riga mai lamba 13, irin wadda Gerd ya sa, ya ci ƙwallo biyar, ya tafi da takalmin zinare. Duka biyun sun yi wa Bayern Munich wasa, kuma haifaffun jihar Bavariya ne. Wanda bai sani ba sai ya rantse ɗa ne da uba. Ko alama, ba su haɗa dangi ba. Akwai ma wani Gerd Müller ɗin daban, wanda ya riƙe ma'aikatar raya ƙasashe ta Jamus daga 2013 zuwa 2021, shi ma ba ruwansa da su.

Babu sunan iyali da ya kai Müller yawa a Jamus. Ana ƙiyasta masu amsa shi da kimanin mutum 700,000, kuma a Suwizaland ma shi ne kan gaba. Ma'anarsa mai niƙa, wato wanda ke mayar da hatsi gari. Asalin kalmar daga Latinanci take, molinarius, domin Romawa ne suka kai fasahar niƙa da ƙarfin ruwa yankin kogin Rhine da na Mosel. Sunayen da ke bin bayansa duk na sana'a ne ko na muƙami: Schmidt maƙeri, Schneider tela, Fischer masunci, Weber masaƙi, Becker mai gasa burodi.

Har zuwa wajajen ƙarni na 12, suna ɗaya Bajamushe yake da shi, wanda aka raɗa masa. Da birane irin su Kolon suka cika suka batse, aka soma rubuta haraji da gado da cinikin gidaje, sai suna ɗaya ya kasa. Unguwa guda za a sami Hans da Heinrich da Konrad barkatai, to wanne ake bi bashi? Sai magatakarda ya ƙara laƙabi: Hans dogo, Hans na bakin rafi, Hans mai niƙa. Sannu a hankali laƙabin ya bi jini. Ɗan mai niƙa ya koma ɗinki, jikansa ya shiga soja, amma Müller na nan maƙale da su. Al'adar ta faro daga biranen kudu da yamma ta nausa arewa, daga birni ta shiga ƙauye. Mutanen Firisiya ta Gabas, can bakin teku, sai da dokar Napoleon ta 1811 ta tilasta musu kafin suka fara barin kiran mutum da sunan mahaifinsa.

Abin tambaya shi ne, a ƙasar da kusan kowa manomi ne, me ya sa mai niƙa ya yi wa manomi fintinkau? Sunan Bauer, wato manomi, yana nan, amma yana can baya. Dalilin a fili yake. Laƙabi don bambancewa ake yin sa, kuma a ƙauyen da gida arba'in duk noma suke, a ce wa mutum manomi ba a faɗi komai ba. Mai niƙa kuwa ɗaya ne a ƙauye, amma kusan kowane ƙauye da nasa. Don haka sunan bai fito daga tsatso ɗaya ba. Ya tsiro ne a dubban wurare, a bakin dubban rafuka, cikin gidajen da ba su taɓa jin labarin juna ba. A ƙasar Hausa muna da Maƙeri da Wanzam da Baduku, amma ba a ji wanda ya gaji suna daga niƙa, domin a nan aikin mata ne a cikin gida, bisa dutse, kafin zuwan inji. A Jamus kuwa, inda burodi ne abincin safe da dare, niƙa sana'ar maza ce mai gini da jari da doka.

Dokar ce ma ta fi ba da mamaki. A 1158 Sarki Friedrich Barbarossa ya lissafa gidajen niƙa cikin haƙƙoƙin sarauta, daga nan ikon ya gangaro hannun masu ƙasa da manyan limaman coci. Suka kafa abin da ake kira Mühlenzwang, wato tilas talaka ya kai hatsinsa gidan niƙan da aka ware wa ƙauyensa, ba wani ba. A wasu wuraren har dutsen niƙa na hannu aka hana ajiyewa a gida. Mai niƙa shi ke haya a hannun mai ƙasa, ladansa kuma daga cikin hatsin yake ɗiba, galibi kashi ɗaya cikin 16.

A duba yadda abin yake. Manomi ya ɗoro buhu a keken doki, ya bi hanya zuwa bayan gari inda ruwa ke juya ƙaton wili na katako. Ciki ƙara ta hana a ji magana, ƙurar gari ta rufe ko'ina. Ya miƙa hatsi da awo, aka mayar masa da gari da dusa, buhun kuma ya ga kamar ya rame. Nawa ne lada, nawa ya tashi a ƙura, nawa ya maƙale a dutse, nawa ya shige aljihun mai niƙa? Ba shi da hanyar sani, ba shi kuma da wani wurin zuwa. Daga nan zargin tauye mudu ya manne wa sana'ar. A garuruwa da dama aka sa masu niƙa cikin sana'o'in da ake ƙyama, ƙungiyoyin masu sana'a suna ƙin karɓar 'ya'yansu koyon aiki. Sai da dokokin daula na 1548 da 1577 suka wanke su a rubuce, duk da haka bakin mutane bai daina ba. A ganina zargin ya fi dacewa da wanda ya kafa dokar tilas, amma talaka mai niƙa yake gani, ba ya ganin mai ƙasa. Masarautar Furusiya ta soke tilascin a 1810.

Matsayi na ɗaya da sunan ke riƙe da shi ma akwai 'yar dabara a ciki. Müller ya ci ribar cewa yawancin masu shi iri ɗaya suke rubuta shi. Maƙera kuwa sun rarrabu: Schmidt, Schmitt, Schmid, Schmitz. Da za a haɗa su wuri guda, da sun sha gaban mai niƙa. Shi ma yana da nasa rassan, Möller a arewa, Miller a wasu sassan kudu, Müllner wajen Ostiriya, ga kuma irin su Obermüller da Neumüller. Da aka kafa ofisoshin rajistar haihuwa da aure na gwamnati a duk faɗin Jamus a 1876, sai rubutun kowane gida ya tsaya yadda magatakarda ya same shi.

Ƙaura ta kai sunan nesa. A Amurka, inda babu harafi mai ɗigo biyu a kai, wasu suka koma Mueller, kamar Robert Mueller da ya shugabanci FBI daga 2001 zuwa 2013, wasu kuma suka narke cikin Miller na Turawan Ingila. Herta Müller, wadda ta sami kyautar Nobel ta adabi a 2009, a yankin Banat na Romaniya aka haife ta, cikin Jamusawan da kakanninsu suka yi ƙaura can. A gida kuwa sunan ya zama ruwan dare har idan Bajamushe yana nufin wance, mace gama-gari, sai ya ce Lieschen Müller.

Sana'ar ce dai ta ƙanƙance. Manyan masana'antu masu injin tururi, daga baya na lantarki, suka haɗiye ƙananan gidajen niƙa, kuma a 1957 Jamus ta Yamma ta yi dokar biyan diyya ga wanda ya yarda ya rufe nasa. Daga gidajen niƙa kusan 19,000 a 1950, yau 'yan ɗaruruwa suka rage. Tsofaffin da aka adana akan buɗe su ga masu ziyara sau ɗaya a shekara, ranar Litinin da ke bin bikin Fentikos, kuma tun 1994 ake yin haka.