Kan Sarki

Ƴar takardar da ake mannawa a kusurwar kati ko ambulan, Bahaushe ya sa mata suna daga abin da idonsa ya gani: hoton kan Sarkin Ingila, Edward na Bakwai, wanda gidan wayar Arewacin Nijeriya ya fara sayarwa a 1902.

Mutanen da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, wani abu dabam suka tarar. Tun 1898 kan sarkin Sudan hoton masinja ne bisa raƙumi, ɗauke da jakar wasiƙu. Da shi alhazan da suka yada zango a yankin Jazira na Sudan suka riƙa aika gaisuwa Sakkwato da Kano. Larabawan wurin "ɗabi'i" suke ce masa.