Ruwan 1945 da Abin da Ya Bar Muna



Dattawanmu sun san cewa Maraɗin yau ba ita ce ta kakanni ba. Katsinawan da sunka baro Katsina lokacin jihadi, cikin fadama sunka kafa gari, kusa da gulbi, inda kurmi ke kāre su daga mahara. A shekarar 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya batse, ya shiga gari, gidajen ƙasa sunka narke. Sai Nasara sunka tada mutane zuwa bisa tudu, anka shata sabon gari mai hanyoyi miƙaƙƙu. Darasin a fili yake: kwari na gulbi ne da gonaki, tudu na mutane.

To, me ya sa munka manta? Fari ne. Yunwar 1973 da ta 1984 sun koro mu daga ƙauye zuwa birni. Fili bisa tudu sai mai kuɗi. Talaka ɗan ci-rani ya sami wuri mai araha bakin ƙorama, ko cikin ramin da anka ɗebi ƙasar gini. Shekarun nan ruwa ya yi ƙaranci, kowa ya ɗauka ƙorama ta mutu. Ashe barci take.

Da damina ta dawo da ƙarfinta, ruwa ya nemi tsohuwar hanyarsa. A 2020 kogin Kwara ya fasa madatsa a Yamai, ya mamaye unguwannin bakin ruwa. A 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a ƙasar Nijar, Maraɗi na cikin jihohin da sunka fi shan wuya, tsohon masallacin Damagaram ma ya rushe. Ku duba gidajen da sunka faɗi: na laka ne, na masu ƙaramin ƙarfi, cikin kwari.

Buhun gero da tabarma bayan ɓarna taimako ne, mun gode. Amma adalci shi ne hukuma ta hana saida fili kan hanyar ruwa, ta ba talaka wuri bisa tudu da farashin da yake iyawa, ta gina magudanai har unguwannin baya. Mu kuma mu daina zuba shara da leda cikinsu.

Ɗan uwa, kafin ka biya kuɗin fili, tambayi tsohon unguwa inda ruwa ke bi. Rigakafi ya fi magani.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi kiyaye mu da sharrinta. Amin.