Tsohuwar Landiroba da Masu Saita Mata Wuta: Daga Ingila Zuwa Ojota



Duk wanda ya saba bin titin Ikorodu ta Ojota zuwa Ketu da Mile 12 ya san motar nan. Tsohuwar Landiroba ce, fenti ya koɗe, an kafa mata ƙugiya da sarƙa a baya, tana laɓe a gefen titi tana jiran motar da za ta mutu ta ja ta zuwa gareji. Sau da yawa za ka ga motar da ake ja ba ta kai rabin shekarun mai jan ta ba. Abin tambaya shi ne, me ya riƙe ta har yau? Amsar tana cikin wata 'yar sana'a da makanikai ke kira saitin wuta, wasu su ce taimin. Tarihin motar da tarihin sana'ar tare suka taso.

An fara nuna Landiroba ga duniya a watan Afrilun 1948, a bajekolin motoci na birnin Amsterdam. Kamfanin Rover na Ingila ne ya ƙera ta a garin Solihull, kuma injiniyansa Maurice Wilks ne ya kawo dabarar. A lokacin ba a daɗe da gama Yaƙin Duniya na Biyu ba, ƙarfe ya yi ƙaranci, sai aka yi jikinta da alminiyom. Wannan ƙarancin ya zame mata alheri, domin jikin ba ya tsatsa, ko da a danshin Ikko, sai dai ƙashin da ke ƙarƙashinta. Samfuri na biyu ya fito a 1958, na uku a 1971, aka ci gaba da ƙera shi har 1985. Mafi yawan waɗanda muke gani a nan 'ya'yan waɗannan biyun ne, masu inji mai silinda huɗu, lita biyu da kwata.

A Arewa, dattawanmu sun san ta tun zamanin En'e. Ita ce motar Di'o, motar 'yan sanda, motar malaman gona da malaman dabbobi masu yawon allurar shanu. Inda kwalta ta ƙare, nan aikinta ke farawa, saboda ƙafafunta huɗu duka suna ja. Daga baya, a shekarun 1970, gwamnatin tarayya ta shiga haɗin gwiwa da kamfanonin waje don a riƙa haɗa motoci a cikin gida: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko a 1975, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, sannan Leyland a Ibadan, inda aka riƙa haɗa Landiroba. A wannan zamanin kuma Toyota Land Cruiser ta Japan, mai silinda shida, ta shigo tana ƙwace mata kasuwa. Amma ta fuskar wuta, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

To, mene ne saitin wutar? A injin fetur, fistin yana matse iska da mai a cikin silinda, sai fulogi ya ba da tartsatsi, man ya kama, ya tura fistin ƙasa. Man ba ya ƙonewa nan take, yana ɗaukar ɗan lokaci. Saboda haka ake so tartsatsin ya zo kaɗan kafin fistin ya kai ƙololuwa. Idan wuta ta yi gaba da yawa, inji zai riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a hawa, kuma in aka ƙyale shi zai iya ƙona fistin har inji ya buga. Idan ta yi baya, mota za ta yi sanyi, ta riƙa zafi, ta sha mai kamar rariya. Injin gas ba ya cikin wannan magana, domin shi ba shi da fulogi.

A motocin farko direba ne ke yin wannan aiki da hannunsa. Ford Model T da ta fito a 1908 tana da wani hannu a gindin sitiyari, direba na tafe yana gabatar da wuta ko yana mayar da ita baya. Wani Ba'amurke, Charles Kettering, shi ya tsara haɗin batir da koyil da kwantak da distiribito, aka sa a motocin Cadillac a 1910. Wannan tsarin ne ya mamaye duniya fiye da shekara 60, kuma shi Landiroba ta zo mana da shi, da distiribito ƙirar kamfanin Lucas.

Ga yadda tsofaffin makanikai ke yi, kuma har yau bai canza ba. Sai an fara gyara bakin kwantak, domin in bakin ya canza, lokacin wuta ma ya canza. A Landiroba mai fetur buɗinsa tsakanin milimita 0.35 ne zuwa 0.40. Wanda ba shi da ƙarfen awo yakan gwada da ɗan siririn kwali. Daga nan a juya inji da hannu har fistin na ɗaya ya hau matsa, alamar da ke jikin fuli ta zo daidai da tsinken da ke nuna ta. A tsofaffin samfura alamar tana jikin fulawil ne. Sai a sassauta ƙusar da ta riƙe distiribito, a haɗa ƙaramin ƙwan fitila na mota tsakanin wayar kwantak da jikin inji, a buɗe makulli. A riƙa murza distiribito a hankali. Da zarar ƙwan ya kama, kwantak ya buɗe ke nan, nan ne wurin, sai a ɗaure. Murza shi sabanin yadda rota ke juyawa yana kai wuta gaba, bin rota yana mayar da ita baya. Wayoyin fulogi kuwa jerinsu 1-3-4-2 ne a Landiroba, 1-5-3-6-2-4 a Land Cruiser.

Amma aikin bai ƙare a gareji ba. Littafin kamfanin kansa bai ba da lamba ɗaya ba. Ya bambanta saitin gwargwadon ingancin mai: mai kyau a kai wuta gaba, kamar digiri 6 kafin ƙololuwa a wasu injinan, mai rauni a ja ta baya. A ƙasar da yau ka sha mai a gidan mai a Agege, gobe ka saya a galan a bakin hanyar Kwantagora, lamba ba ta isa ba, sai an haɗa da kunne. Shi ya sa maigidan gareji zai hau mota da kansa, ya sa giyar ƙarshe tana tafiya a hankali, ya taka totur har ƙasa, ya kasa kunne. In ya ji ƙarar tsakuwa, ya sauka ya ja wuta baya kaɗan, ya sake gwadawa. Yaron gareji yakan yi shekaru yana miƙa sifana kafin kunnensa ya buɗe. Wannan ilimi daga baki ne zuwa baki, daga hannu zuwa hannu.

Abin da ya fara kashe sana'ar shi ne shekarar 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP. Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari talaka har da ma'aikatu, kamfanonin haɗa motoci suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Sai motocin tokumbo suka cika ƙasa, ta tashoshin Apapa da Tin Can da kuma ta Kwatano. Su kuma sun zo da wani sabon tsari. Tun shekarun 1970 masu ƙera motoci suka fara watsar da kwantak, daga baya suka watsar da distiribito ɗungurum, kwamfutar mota ta karɓi aikin. Daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka sai da kafar da ake jona na'urar gano matsala. Yau saurayi zai gama koyon aiki a Ojota, ya iya karanta na'ura tsaf, amma bai taɓa ganin kwantak da idonsa ba. Ba laifinsa ba ne, inda kasuwa take nan ake baje kaya.

Sai dai tsofaffin motocin ba su ƙare ba. Suna jan motoci a Ikko, suna ɗaukar buhuna daga gona zuwa bakin titi a ƙauyukanmu da damina, kuma akwai 'yan uwa da abincin gidansu ke rataye da su. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Motar da wutarta ta yi baya, ribar mai ita ce take ƙonewa ta salansa kullum, shi kuwa yana zargin kabireto. Kayan gyara ana samu a Ladipo da Owode Onirin, in an yi haƙurin nema. Abin da ke neman gagara shi ne mai ɗaurawa.

Saboda haka, mai tsohuwar mota, duk lokacin da aka canza maka kwantak ka tabbata an sake duba wuta, kada ka bari a ɗaure a ce ka tafi. Iyaye masu 'ya'ya a gareji kuma, ku ce musu su riƙe na'urarsu da kyau, amma in akwai dattijo a layinsu da ya taba Landiroba, su je su durƙusa su tambaya tun yana nan. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda kuma yake da labarin irin motar nan daga garinsu ko daga mahaifinsa, ya kawo mana mu adana.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kiyaye mu a kan hanya. Amin.